Yadda zaka haɗa ruwan bafa na fosfet da kanka, ka kuma iya karanta tsamin ruwa daidai

Kafin ka taɓa sikeli ko bika akwai abu ɗaya da nake so ya zauna maka a kai, domin shi ne yake rikita ɗalibai da ma wasu da suka daɗe a lab. Kwalbar da ka ɗauko zata iya cewa NaH2PO4 ko Na2HPO4, amma da zarar garin ya narke a ruwa to ba rubutun kwalbar ke da magana ba kuma, tsamin ruwan ne yake yanke wane irin fosfet zai kasance a ciki da kuma nawa ne daga kowanne. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, daga haɗa bafa, wato ruwan da ke riƙe tsami a wuri ɗaya ya hana shi canzawa da yawa, zuwa auna ruwan tafki zuwa abin da ke faruwa a jini da ƙashi, a kan wannan ya ginu.

To menene tsamin nan da muke cewa pH? Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmak mai suna Søren Sørensen ne ya fito da ma'aunin a 1909 lokacin yana aiki a lab ɗin Carlsberg da ke Kofenhagen. Ma'aunin yana gaya maka yawan ƙwayoyin haidirojin masu caji, H+, da suke yawo a ruwa, sai dai a juye yake, lambar na sauka tsami na ƙaruwa. Kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Ruwan pH 6 ya fi na pH 7 yawan H+ sau goma, na pH 5 ya fi shi sau ɗari. Shi yasa in wani yace maka ai bambancin 0.3 ne kawai, kar ka ɗauka ƙaramin abu ne, 0.3 ɗin nan kusan ninki biyu kenan. Bakwai da ake cewa tsakiya ma a zafin digiri 25 ne, a zafin jikin mutum na digiri 37 tsakiyar tana wajen 6.8.

Shi kuma asid ɗin fosforik, H3PO4, haidirojin uku gare shi kuma baya sakinsu lokaci ɗaya, ɗaya bayan ɗaya yake saki gwargwadon yadda pH ke hawa. Wurin da rabin ƙwayoyin suka saki rabi basu saki ba shi ake kira pKa, kuma guda uku ne: 2.15, sai 7.20, sai 12.35. Ka haddace su dan Allah, ukun nan sun fi maka shafi goma na bayani. In ruwa yana ƙasa da pH 2 mafi yawa H3PO4 ne. Daga wajen 3 zuwa 6 kusan duka H2PO4 ne mai caji ɗaya. Da ka wuce 7.2 sai HPO4 mai caji biyu ya fara rinjaye, haka zai ci gaba har wajen 12. Shi PO4 tsurarsa mai caji uku, wanda kowa ke rubutawa a takarda, sai ka haura 12 sannan yake yawa, wato a jini ko kogi ko tafki kusan babu shi ma. Abin da ke akwai a zahiri H2PO4 ne da HPO4 suna musayar H+ tsakaninsu ba tsayawa.

Musayar nan ita ce sirrin bafa. Suna aiki ne kamar mai riƙon amana, in H+ ya yi yawa a ruwan HPO4 ya karɓa ya ajiye ya koma H2PO4, in ya yi ƙaranci H2PO4 ya fito da wanda ya ajiye. Ga misali da lamba don ka ga girman abin. Ka ɗauki lita ɗaya ta tataccen ruwa ka zuba mata mililita ɗaya na asid ɗin HCl mai ƙarfin mola 1 (mola a nan ma'aunin yawan sinadarin da ke narke a kowace lita ne), pH zai faɗo daga 7 zuwa 3 nan take. Ka zuba wannan mililita ɗayan a lita ɗaya ta bafan fosfet mai ƙarfin mola 0.1 da ke pH 7, abin da zai motsa bai wuce 0.02 ba, wata mitar ma da ƙyar zata nuna maka. Amma wannan ƙarfin yana nan ne kawai kusa da pKa, mataki ɗaya sama mataki ɗaya ƙasa, don haka fosfet yana maka aiki tsakanin wajen pH 5.8 zuwa 8. In kana neman pH 4.5 ko 9.5 ka nemi wani bafan daban, kar ka tsaya kana ɗura asid a fosfet sai ya kai can, zai kai ɗin amma ba zai riƙe maka komai ba.

Haɗa bafan

Abin da kake buƙata: gishirin fosfet iri biyu, wato NaH2PO4 da Na2HPO4, tataccen ruwa, sikeli mai auna aƙalla 0.01 na giram, filas mai layin awo, bika, da mitar pH da ruwan saita ta. Tabarau na kariya da safar hannu kuma, musamman in zaka taɓa NaOH, wato soda mai ƙuna da ake ɗaga pH da ita, ko asid mai kauri.

Fara da karanta jikin kwalbar har ƙarshe. Wannan matakin mutane ke tsallakewa kuma shi ne yake ɓata aiki tun kafin a fara, saboda gishirin nan yana zuwa da ruwa maƙale a cikin ƙwayoyinsa kuma nauyin ya bambanta sosai. Na2HPO4 busasshe nauyin molarsa 141.96 ne, mai ruwa biyu 177.99, mai ruwa bakwai 268.07, mai ruwa goma sha biyu 358.14. Kaga in takardar da kake bi tana maganar busasshe kai kuma mai ruwa goma sha biyu ne a hannunka ka auna giram iri ɗaya, to ko rabin abin da ake nema baka zuba ba. Shi ma NaH2PO4 busasshe 119.98 ne, mai ruwa ɗaya 137.99, mai ruwa biyu 156.01. Kuma busasshen yana zuƙar danshin iska in aka bar murfin a buɗe, sai ya dunƙule nauyinsa ya canza, in kaga ya zama dutse-dutse kar ka yarda da lissafin da zakayi da shi.

Hanyar da na fi so ita ce ka haɗa ruwa biyu daban, kowanne mai ƙarfin mola 0.2, sannan ka gauraya su. Na farko mu kira shi A, giram 27.6 na NaH2PO4 mai ruwa ɗaya a lita ɗaya. Na biyu B, giram 28.4 na Na2HPO4 busasshe a lita ɗaya, in mai ruwa bakwai ne giram 53.6, in mai goma sha biyu ne giram 71.6. Kar ka auno lita ɗaya ta ruwa ka zuba garin a kai, sai dai ka narkar da garin a ruwa kamar mililita 800 tukuna, in ya narke tas sannan ka juye a filas ka cika zuwa layi. Na2HPO4 yana da taurin narkewa in ruwan da sanyi kuma in ka zuba shi gaba ɗaya sai ya manne a gindin bika, don haka ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kana juyawa, ko ka ɗan ɗumama ruwan, amma ka bari ya huce kafin ka cika zuwa layi.

Yanzu gaurayawa. Don samun mililita 200 na bafa mai ƙarfin mola 0.1, jimillar A da B su zama mililita 100 sannan ka cika da ruwa zuwa 200. In pH 7.4 kake nema, 19 na A da 81 na B. In 7.0 ne, 39 na A da 61 na B. In 6.8 ne, 51 da 49. In 6.0 ne wajen 88 da 12, in 8.0 ne wajen 5 da 95.

Anan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau, don wanda ya iya lissafi zai ga kamar akwai kuskure. Akwai lissafin da ake koyarwa a aji mai sunan Henderson da Hasselbalch, wanda yace pH daidai yake da pKa a haɗa da log na B a kan A. In ka sa 7.20 a matsayin pKa kana neman 7.4, lissafin zai baka 61 na B da 39 na A. To duba lambobin da na baka a sama, 61 da 39 ai na pH 7.0 ne. Ma'ana wanda ya bi lissafin littafi ido rufe yana neman 7.4 zai tashi da 7.0 a bika, ya yi gwajinsa gaba ɗaya a kan tsamin da ya ninka abin da yake zato sau biyu da rabi, kuma bai sani ba. Dalilin shi ne 7.20 ɗin nan na ruwan da yake tsarwai ne ƙwarai, kusan babu gishiri a ciki. Da gishiri ya yi yawa sai ƙwayoyin masu caji su kewaye juna, HPO4 mai caji biyu shi wannan kewayewar ta fi yi wa daɗi, sai ya zama H2PO4 ya fi saurin sakin haidirojinsa, pKa ɗin da ake gani a aikace ya sauko zuwa wajen 6.8. Wannan abin yana damuna gaskiya, saboda ɗalibi ya yi lissafi daidai, ya auna daidai, sakamakonsa ya ƙi fitowa, ya fara zargin kansa ko zargin sinadaran, alhali abu ɗaya ne ba'a gaya masa ba. Lissafi na kai ka kusa ne kawai, mita ce zata gaya maka inda ka tsaya.

Ita kuma mitar sai an saita ta kafin a yarda da ita. A ranar da zakayi aikin ka saita ta da ruwan pH 7 da na pH 4, in aikinka sama da 7 yake ka haɗa da na pH 10. Ka ɗauraye kan ilektirod ɗin da tataccen ruwa tsakanin kowane awo, ka ɗan taɓa shi da tishu kar ka goge, gogewa na tara caji a gilashin sai lambar ta riƙa rawa. In ka gama ka mayar da shi cikin ruwan ajiyarsa mai KCl, kar ka taɓa ajiye shi a tataccen ruwa don yana tsotse masa gishirin ciki ya kashe shi a hankali. Ruwan saitin pH 10 yana saurin lalacewa saboda yana shan iskar kabon, in ya daɗe a buɗe ka zubar.

In ka auna bafanka kaga ya ɗan kauce, gyara shi da A ko B ɗin da suka rage maka: ya yi sama ka ɗiga A, ya yi ƙasa ka ɗiga B. Da haka ƙarfin fosfet ɗin baya canzawa kuma baka shigo da wani baƙon gishiri ba. Masu gyarawa da HCl su wuce, su dawo da NaOH su sake wucewa, gishirin NaCl kawai suke ƙerawa a ciki ba tare da sun lissafa shi ba. Sannan awon ƙarshe ka yi shi bayan ka cika ruwan, domin sirka bafan fosfet yana ɗaga pH ɗinsa kaɗan, dalilin dai shi ne wancan na yawan gishiri. Wanda ya haɗa mai kauri ninki goma ya saita shi a 7.4, in ya sirka ba 7.4 zai samu ba, sai ya sake aunawa.

In PBS kake so, wato bafan fosfet mai gishiri, wanda ake wanke ƙwayoyin halitta da shi, a lita ɗaya giram 8 na NaCl ne, 0.2 na KCl, 1.44 na Na2HPO4 da 0.24 na KH2PO4, a saita a 7.4. Na lab ne wannan, ba'a yi wa mutum ko dabba allura da abin da ka haɗa a bika ko da ka dafa shi.

Abubuwan da ke lalata shi bayan ka haɗa

Kalsiyam da maganiziyam. Fosfet na haɗuwa da kalsiyam su zama farin gari mara narkewa, kuma pH na hawa abin na ƙaruwa. In ka haɗa bafanka da ruwan famfo kaga ya yi hazo-hazo to shi ne. In gwajinka yana buƙatar kalsiyam a narke, fosfet ba naka bane, ka koma wani bafan. Haka in kana nazarin enzayim ɗin da ke cire fosfet, ko kana so ka auna fosfet ɗin da wani enzayim ya saki, ai ka riga ka cika wurin da abin da kake nema.

Ƙwayoyin cuta suna son fosfet ƙwarai, bafa mai pH 7 da aka bari a kan benci cikin zafi kwana kaɗan zaka fara ganin zare-zare a ciki. A tace shi ko a dafa shi a otokilef, wato tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, a sa a firij. Mai kauri kuma in ya yi sanyi sai kaga ƙyalƙyali ya fito a gindin kwalba, kar ka ɗebi na sama kayi aiki, Na2HPO4 ne ya fita ya bar ruwan da tsami, ka ɗumama har ya narke duka. Abin ya fi muni in aka daskarar, bafan sodiyam fosfet da yake pH 7 zai iya faɗowa kusa da 4 lokacin da yake ƙanƙara, furotin ɗin da ka ajiye a ciki ya lalace, in ya narke mita ta sake nuna maka 7 kamar ba abin da ya faru. Na potasiyam baya yin haka sosai. Abu mai kyau da fosfet shi ne zafi baya motsa pH ɗinsa da yawa, ba kamar bafan da ake kira Tris ba wanda yake sauka kusan 0.03 a kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru.

Me yasa jiki ya zaɓi fosfet

pH na jini tsakanin 7.35 zuwa 7.45 yake, a nan kusan kashi huɗu HPO4 ne kashi ɗaya H2PO4. Amma kar ka rubuta a jarrabawa cewa fosfet ne babban bafan jini, domin fosfet ɗin ruwan jini wajen milimol 1 ne kawai a lita, shi kuwa baikabonet wajen 24, ga huhu na taya shi ta hanyar fitar da iskar kabon. Inda fosfet ke da ƙarfi shi ne cikin ƙwayoyin halitta inda pH yake wajen 7.2 kuma fosfet ɗin ya fi yawa, sai kuma a ƙoda. Ƙoda tana zuba H+ a fitsari, HPO4 ya kama shi ya koma H2PO4 a fitar da su tare, da haka jiki ke zubar da wani kaso na asid ɗin da yake tarawa kullum ba tare da pH na fitsari ya faɗi ƙasa da wajen 4.5 ba. Daga fitsarin ne ma aka fara gano fosfarus ɗin kansa, wato P ɗin da ke cikin fosfet, Hennig Brand ya ciro shi a Hambug ta ƙasar Jamus a 1669.

Kusan kashi 85 cikin ɗari na fosfet ɗin jiki a ƙashi da haƙori yake, haɗe da kalsiyam. Ka tuna abin da muka ce, tsami na hana kalsiyam da fosfet zama tare, to shi yasa in ƙwayoyin cutar baki suka fitar da asid pH ɗin saman haƙori ya sauka ƙasa da wajen 5.5 sai farin haƙorin ya fara narkewa, in miyau ya dawo da pH sama sai ya fara ginuwa kuma. Ta ɗaya gefen, wasu ƙwayoyin cutar mafitsara suna ɗaga pH na fitsari, sai fosfet ya haɗu da maganiziyam da amoniyam ya zama tsakuwa. Haka DNA, fosfet ne yake ɗinke ƙwayoyinsa ɗaya da ɗaya, ya bada hannu biyu wajen haɗawa na ukun kuma ya saki haidirojinsa, don haka a pH na jiki DNA kullum cajin negatif gare shi, wannan cajin yana kare shi daga saurin tsinkewa a ruwa kuma yana hana shi sulalewa ta bangon ƙwayar halitta. ATP mai ɗaukar kuzari shi ma fosfet uku ne a jere.

In ruwan tafki ko kududdufin kifi zaka auna

Nan ma pH zaka fara aunawa, kuma sau biyu a rana, da asuba kafin rana ta fito da kuma wajen la'asar. Dalili, gansakuka da tsirran ruwa da rana suna zuƙe iskar kabon da ke narke a ruwan, ita kuwa wannan iskar asid ce mai rauni, tana raguwa pH na hawa, a ruwan da ya yi kore sosai har ya wuce 9. Da dare komai na numfashi yana fitar da ita, pH ya sauko. Awo ɗaya da tsakar rana bai gaya maka komai ba. Ga masu kiwon kifi wannan maganar rai ce, saboda amoniyar da kifi ke fitarwa ita ma fuska biyu gare ta, a digiri 25 mai gubar bata kai kashi 1 cikin ɗari ba a pH 7, a pH 8 wajen kashi 5, a pH 9 ta haura kashi 35. Kit ɗinka zai nuna maka jimillar amoniya iri ɗaya da safe da yamma amma da yamman ne take kisa.

Ka auna a bakin ruwan, kar ka ɗebo a kwalba ka kawo gida bayan awa uku, iska na shiga da fita pH ya canza. Ko tataccen ruwa ka bari a buɗe zai sauka zuwa wajen 5.6, haka ruwan sama mai tsafta ma yake, duk saboda iskar kabon.

Shi fosfet kuma yawancin kit da launin shuɗi suke aiki, molibdet ne yake haɗuwa da fosfet a cikin asid sannan a zuba wani sinadarin ya mayar da shi shuɗi, hanyar da Murphy da Riley suka tsara a 1962, a lab ana karanta launin a nanomita 880. Abu uku zaka kiyaye. Kar ka wanke kwalbar gwajin da sabulun wanki don wasu suna da fosfet a ciki, ka ɗauraye ta da ruwan HCl mai sirki sannan da ruwan da zaka auna. Ka karanta launin a daidai mintin da takardar tace, ya wuce haka launin na ci gaba da canzawa. Na uku kuma shi ne wanda ke jawo musu tsakanin mutane biyu da suka auna ruwa ɗaya: ka duba ko sakamakon PO4 ne ko P. Miligiram 1 na P daidai yake da wajen 3.07 na PO4, don haka kafin ka kwatanta lambarka da ta wani rahoto ka tabbata yare ɗaya kuke.

Kuma in ruwa ya yi kore shar kit ya nuna maka sifili, kar kace babu fosfet. Kit ɗin na ganin wanda ke narke ne kawai, gansakukar ta riga ta shanye shi yana jikinta. In jimilla kake so sai an dafa samfurin da sinadarin fasalfet a fasa komai tukuna. Adadin da ke isa ya sa tafki ya fara lalacewa ƙanƙani ne ƙwarai, ana ɗaukar tafkin da jimillar fosfarus ɗinsa ta wuce wajen maikurogiram 35 a lita a matsayin wanda abincin tsirrai ya yi masa yawa, kuma kit ɗin gida da yawa basa iya ganin wannan.

An daɗe ana gardama a kan ko fosfarus ne ko kabon ko naitirojin ke jawo wannan koren, har sai da David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki biyu da labule a lardin Ontariyo na Kanada a 1973, suka zuba kabon da naitirojin a duka ɓangarorin, fosfarus kuma a ɗaya kawai. Ɓangaren fosfarus ya rufe da kore, ɗayan ya zauna garau. Tafkin Erie da ke tsakanin Amurka da Kanada ya sha wannan matsalar tun shekarun 1960, ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar tsaftace manyan tafkunan a 1972, aka rage fosfet a sabulun wanki da ruwan masai, abin ya yi sauƙi, daga baya takin gona da ruwan sama ke wankowa ya dawo da shi, har a watan Agustan 2014 aka hana mutanen birnin Toledo na Amurka da ke bakin tafkin shan ruwan famfo na 'yan kwanaki saboda gubar gansakuka. Ga kuma ɗaya fuskar, fosfet ɗin nan ana zuba shi da gangan kaɗan a ruwan sha don ya yi rufi a cikin tsofaffin bututun dalma, kuma rashin zuba maganin tsatsa irin wannan yana cikin abin da ya sa dalma ta shiga ruwan birnin Flint na Amurka bayan an canza musu tushen ruwa a 2014.

Don haka in kana da tankin kifi ko kududdufi, ka karanta jikin duk maganin saita pH kafin ka zuba, wasunsu bafan fosfet ne, zasu riƙe maka pH ɗin amma taki ka zuba wa gansakuka. In pH na lilo da yawa tsakanin asuba da yamma, baikabonet ɗin ruwan zaka auna ka gyara, ka rage abin da ke ruɓewa a ciki, ka canza wani kaso na ruwan. Ka kula da laka ma. Muddin akwai oksijin a ƙasan ruwa, ƙarfen da ke cikin lakar yana riƙe fosfet gam, da oksijin ya ƙare a can ƙasa sai ƙarfen ya sauya ya sake shi ya dawo ruwa, haka in pH ya hau sosai riƙon na sassautawa. Shi yasa tafki ke iya ci gaba da yin kore shekaru bayan an toshe duk inda fosfet ke shigowa. In zaka ɗebi samfur a ruwa mai zurfi ka ɗebi biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga kusa da lakar, ka rubuta lokaci da zafin ruwan da pH a jikin kowace kwalba tun kana wurin, in awon fosfet ɗin zai jira kuma ka tace samfurin ka sa shi a sanyi.